Ga Matasan da Ke Kiran Sojoji Su Dawo

'Yan'uwana matasa, tun bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 nake ganin wasunmu suna addu'ar sojoji su karɓe mulki a Najeriya, har suna yabon zamanin Janar Sani Abacha saboda ayyukan PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur da ya kafa. Na san tsadar rayuwa ce ta kai mu ga haka, kuma ban raina wannan ƙunci ba, amma yawancin masu wannan kira ba su yi wayo ba lokacin da abin ya faru.

Abacha ya hau mulki ranar 17 ga Nuwamban 1993, ya tarar da Doka ta 2 ta 1984 wadda ta ba jami'an tsaro damar tsare mutum ba tare da gurfanar da shi gaban alƙali ba, ya kuwa yi amfani da ita sosai. A Nuwamban 1995 aka rataye marubuci kuma ɗan fafutukar ƙabilar Ogoni Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas a Fatakwal, a Yunin 1996 kuma aka harbe Kudirat Abiola, matar ɗan siyasa M.K.O. Abiola, a titin Legas.

Kada wani ya ce wannan masifar ta 'yan Kudu ce. Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, Manjo Janar ne wanda ya taɓa zama na biyu a gwamnatin soja, amma a 1995 wata kotun soja da ta zauna a asirce ta yanke masa hukunci kan zargin shirya juyin mulki, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. An tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a 1996. Ɗan jarida Bagauda Kaltho ya ɓace, har yau babu gamsasshen bayani. Idan irin waɗannan ba su tsira ba, ina ga ɗan talakan da babu mai tambayar inda aka kai shi?

Abin da ya fi damuna shi ne ba a taɓa wanke wannan miki ba. Kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam ya saurari waɗanda aka zalunta, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, tsofaffin shugabannin soja uku kuma suka ƙi bayyana gabansa. Shi ya sa har gobe jami'i ke ɗauke mutum da tsakar dare ba ya fargabar komai.

Kafin ku sake yaɗa wannan kira a Facebook, ku zauna da iyayenku da suka ga zamanin, ku tambaye su yadda ake rage murya idan za a ambaci gwamnati ko a cikin ɗaki ne.