Kwalaben bitamin uku a jakar yayata

Jiya na je gaida wata yayata a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, tana cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Wad Madani a Disambar 2023. Ta daɗe da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma can gida ba ta fashin magani, har ƙiba ta yi. Da ta buɗe jaka sai ga kwalaben bitamin uku, babu ƙwayar asibiti ko ɗaya. Wani mai sayar da magani ne ya ce mata wai likitoci sun gwada, bitamin ma yana kashe cutar. 'Yan kunnenta ta sayar ta saya. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Gwaji kam an yi, ban musa ba. A Darussalam ta Tanzaniya masu bincike na jami'o'in Harvard da Muhimbili sun bi mata masu juna biyu 1,078 da ke ɗauke da cutar, wasu ana ba su bitamin B da C da E, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon ya fito a 2004: masu shan bitamin ciwonsu ya yi jinkirin tsananta. Jinkiri fa, ba warkewa ba, kuma a zamanin da ARV, wato maganin asibiti mai danne ƙwayar cutar, bai wadatu a Afirka ba. Da aka sake gwada bitamin mai yawa a kan masu fara ARV a can Tanzaniyar, dakatar da gwajin aka yi tun bai ƙare ba, saboda alamun wahala da aka gani a hanta. Shi kuwa Matthias Rath, wani likita Bajamushe da ya riƙa tallar bitaminsa ga masu cutar a Afirka ta Kudu, kotu ce ta taka masa birki a 2008.

Mai gudun hijira da ba ya samun abincin kirki, bitamin zai amfane shi. Amma ko wannan sai da shawarar likita, domin ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam suna hana Dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan ARV, shiga jiki sosai idan aka haɗiye su tare ba a ci abinci ba.

Na ce mata, "Yaya, me ya hana ki zuwa asibiti?" Ta sunkuyar da kai, ta ce tsoro take kada wani ɗan unguwarsu ya gan ta a layi. Gobe da sassafe zan raka ta. Za ta sa niƙabi, ni in riƙe katin.