Ƙwayar da aka fara ba ta wai don ta iya aiki

Daren jiya wajen ƙarfe 11 ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu sai ga wani yaron unguwarmu da ke tuƙa adaidaita sahu, yaro ne da na sani tun yana yawo da gajeren wando, ya faka ya ce a haɗa masa mai kauri. Kafin a miƙo masa na ga ya laluba aljihun gaban riga ya ɓallo ƙwaya biyu daga jikin kati ya watsa baki, ko ruwa bai nema ba. Na ce kai meye wannan? Sai ya yi dariya ya ce haba Yaya ai ba shaye-shaye ba ne, maganin gajiya ne kawai, tun asuba nake kan titi kuma mai mashin balans ɗinsa yake jira, shi ina ruwansa da ciwon baya.

Wallahi tun daga nan har na kwanta wata mata nake ta tunawa, Ba'amurkiya ce 'yar fim, ta rasu tun kafin a haifi da yawa daga cikin iyayenku. Sunanta Judy Garland. Ƙannena maza da mata, ku ɗan ba ni aron hankalinku, don maganar da yaron nan ya yi min ita ce dai maganar da aka yi wa wannan baiwar Allah tun tana ƙarama.

Asalin sunanta Frances Gumm, an haife ta ranar 10 ga Yunin 1922 a wani ƙaramin gari Grand Rapids da ke jihar Minnesota. Iyayenta 'yan wasan dandamali ne, baban yana riƙe da gidan sinima, don haka tana shekara 2 da rabi aka ɗora ta kan dandamali tana waƙa tare da yayyenta mata biyu. Ku auna fa, shekara 2 da rabi, a wajenmu ba a jima da yaye yaro ba. Mutane suka yi tafi, uwar ta ga akwai kuɗi a maƙogwaron yarinyar nan, shi kenan aka shiga yawo gari-gari. A 1926 suka koma Kalifoniya kusa da inda ake harkar fim. Masu rubuta tarihinta sun ce uwar ce ma ta fara ba ta ƙwaya tun ba ta kai shekara 10 ba, wata don ta wartsake ta yi wasa, wata don ta yi barci a hanya.

A 1935 kamfanin fim na MGM ya ɗauke ta tana da shekara 13, kuma a ƙarshen wannan shekarar babanta ya rasu da ciwon sanƙarau. Wanda zai iya cewa a'a ku bar min 'yata ta huta ya tafi kenan. A lokacin kamfanonin fim na Hollywood ba haya suke ɗaukar ɗan wasa ba, kusan mallakarsa suke yi, kwantiragi na shekaru, su za su zaɓa maka fim, su za su faɗa maka me za ka saka, me za ka ci, har wanda za a gan ka da shi a waje. Murya kam Allah ya ba ta, kowa ya yarda, amma sai suka ce jikinta bai yi ba. Gajera ce, ba ta cika ƙafa 5 ba, kuma ga ta cikin manyan 'yan mata irin su Lana Turner. Aka saka mata wani abu a haƙora, aka cusa mata roba a hanci wai don ya miƙe, aka ce ta yi ƙiba, in ta je kantin cin abinci na kamfani romon kaza kawai za a kawo mata ko me ta yi oda. Yarinya mai tasowa tana rawa da waƙa wuni guda a kan romo.

To yaya za a yi ta jure? Nan ƙwaya ta shigo da ƙarfinta. Akwai wadda ake kira amfetamin, tana kashe yunwa tana kore barci, mutum ya ji kamar zai iya ɗaga mota. Matsalarta in dare ya yi ido ƙyam, barci ya ƙi zuwa, sai a kawo ta biyu mai sa barci ta kwantar da mutum kamar gawa. Ita da bakinta ta ba da labari daga baya cewa sai a ba su ta barci, bayan kamar awa 4 a tashe su a ba su ta wartsakewa su koma gaban kyamara. Kuma abin da nake so ku riƙe, ba a lungu ta saya ba, ba ƙawayen banza ne suka koya mata ba. Manya ne masu kwat da taye, a zamanin da likitoci ke rubuta irin waɗannan ƙwayoyin kamar alewa. Babu wanda ya ce mata zo ki yi maye. Cewa aka yi sha ki iya aiki.

A 1939 fim ɗin da ya sa duniya ta san ta ya fito, The Wizard of Oz, ta fito a matsayin yarinya Dorothy. Tana da shekara 16 lokacin ɗauka, amma so suke ta yi kama da ƙaramar yarinya, don haka aka ɗaure mata ƙirji tamau a ƙarƙashin riga. Dala 500 ake biyan ta a sati, biyu daga cikin mazan da suka fito tare da ita kuwa dala 3,000 kowanne, alhali ita ce fim ɗin. Har karen da ta riƙa ɗauka a fim ɗin ana biyan mai shi dala 125 a sati, kun ji fa. Ta samu kyautar Oscar ta yara a 1940 (Oscar ita ce babbar kyautar fim ta Amurka), hotonta ko'ina, 'yan matan Amurka kowacce na cewa ina ma ni ce. Da a ce akwai TikTok a lokacin da mabiyanta sun fi na kowa.

Shekara 15 ta yi wa MGM aiki, finafinai kusan 30, ta tara musu kuɗi ba na wasa ba. Amma jiki ba ƙarfe ba ne. Wajen 1947 ta fara rushewa, yau ta makara gobe ba ta zo ba, jibi ta zo amma ba ta iya tsayuwa, har asibitin masu taɓin hankali aka kwantar da ita, har ta yi yunƙurin kashe kanta. Sai me kamfanin ya yi? A 1949 aka cire ta daga wani babban fim aka saka Betty Hutton, a 1950 aka sake cire ta daga wani aka saka Jane Powell, a wannan shekarar kuma aka raba gari. Shekararta 28. Waɗanda suka koya mata ƙwaya su ne suka juya suka ce ba ta da tabbas, ba a iya aiki da ita. An tatse saniya, nono ya ƙafe, an kaɗa ta waje.

Kai mai adaidaita, kai lebura mai ɗaukar bulo, ke mai aikin gidan biki da ke kwana a tsaye, wannan wajen naku ne. Ranar da tiramadol ta gama da kai, hannunka ya fara rawa ko ka faɗi kana farfaɗiya a bakin titi, mai mashin ba zai yi zaman jinyarka ba, makulli zai karɓa ya ba wani yaron kafin la'asar. Ba ma sai mugu ne shi ba, haka lissafin yake. Mu nan mun gani da idonmu yadda kodin ya yi da 'yan mata da matan aure har sai da gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, kuma da yawansu in ka bi salsala ba da niyyar maye suka fara ba, wata barci take nema, wata damuwa ce ta yi mata yawa.

Ku kuma ƙannena mata, ita an ce ta yi ƙiba aka ba ta maganin rama, ku an ce kun rame kuna shan sha-ka-fashe, an ce kun yi baƙi kuna shafa mai kuna ɗaye fatar da Allah ya ba ku, duk don wani wanda ko sunanku na gaskiya bai sani ba ya danna muku laik. Hanya ce daban-daban amma rami ɗaya. Matar nan har ta mutu ba ta yarda tana da kyau ba, duk da miliyoyin da ke son ta, saboda abin da aka dasa mata a ka tana shekara 13.

Kuma kar ku ɗauka raguwa ce ko marar zuciya, a'a wallahi, nan ne ma abin ya fi ba ni tausayi. Sau nawa tana faɗuwa tana tashi. Bayan an sallame ta ta tafi Landan a 1951 ta cika gidan wasa na Palladium, ta dawo New York ta yi sati 19 tana wasa a gidan Palace. A 1954 ta yi fim ɗin A Star Is Born, kowa ya sa rai ita za ta ɗauki Oscar, har masu talabijin suka kai kyamarori ɗakin asibitin da take kwance ta haifi ɗanta Joey don su ɗauki murnarta, sai aka kira sunan Grace Kelly, suka naɗe wayoyinsu suka fice suka bar mai jego. A 1959 ciwon hanta ya kwantar da ita likitoci suka ce da wuya ta sake waƙa, amma ranar 23 ga Afrilun 1961 ta hau dandamalin Carnegie Hall ta yi wasan da har yau ake maganarsa, faifan ya yi sati 13 a matsayi na ɗaya, ta zama mace ta farko da ta ci kyautar faifan shekara ta Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Mai irin wannan ƙarfin halin ta kasa rabuwa da ƙwaya, sai kai ne za ka ce min ai Yaya duk ranar da na ga dama zan daina?

Sai maganar kuɗi, wadda ita ma darasi ce mai zaman kanta. Tun tana yarinya wasu ne ke karɓar kuɗinta, ta girma ba ta san shiga da fitar asusunta ba, daga uwa sai miji sai manaja. Aure 5 ta yi. Waɗanda ta ba amana suka yi wadaƙa da dukiyar, ba a biya haraji ba, sai ga hukumar harajin Amurka tana bin ta bashin dubban ɗaruruwan daloli, gidanta na Kalifoniya ya tafi, ta koma zaman otal-otal wani lokacin ma ba kuɗin biya. A 1967 ta yi wasanni a New York jama'a suka cika maƙil, masu haraji suka kwashe mafi yawan abin da ta samu. Dole ta ci gaba da hawa dandamali ko da lafiya ko babu. Su kuma masu tafin nan, a 1964 a Melbourne ta ƙasar Ostireliya ta makara kamar awa guda, ta fito ba ta cikin hayyacinta, suka yi mata ihu har ta sauka. To don Allah duk wanda zai shiga fim ko waƙa ko tallan kaya a intanet, takardar da aka miƙo maka karanta ta, in ba ka gane ba kai wa wanda ya gane, kuma kuɗinka ya shiga asusun da sunanka ne a kai, ba na oga ba, ba na saurayi ba.

Iyaye ma ban bar ku ba, masu kunna kyamara a fuskar yaro ɗan shekara 4 a ce maimaita, sake, yi kuka, yi dariya, don bidiyo ya tafi. A Kalifoniya sai da aka kafa doka a 1939 don a riƙa ajiye wa yara 'yan fim wani kaso na kuɗinsu, bayan wani yaro Jackie Coogan ya girma ya tarar uwarsa da mijinta sun cinye miliyoyin da ya tara, har sai da ya kai su kotu. Ita kuwa mahaifiyar Judy, a 1953 ta rasu tana aiki a wani kamfanin ƙera jirgin sama, ba sa ko ga-maciji da 'yar tata.

Ranar 22 ga Yunin 1969 mijinta na biyar, wanda watansu 3 da aure, ya same ta a banɗakin gidan da suke haya a Landan rai ya yi halinsa. Binciken likita ya nuna ƙwayar barci ce ta yi mata yawa a jiki, ba da gangan ba, irin dai wadda aka saba ba ta tun tana yarinya. Shekararta 47, kwana 12 da zagayowar ranar haihuwarta. Mutum sama da 20,000 suka yi layi a New York don ganin gawarta, ita kuwa bashi ta bari. A Disambar 2024 aka yi gwanjon jajayen takalman da ta saka a fim ɗin nan na 1939, takalmi ƙafa biyu, aka saye su dala miliyan 28.

Yaron nan da zai tafi jiya na riƙe hannun mashin ɗin na tambaye shi nawa ne balans ɗin, kuma tun yaushe ya fara sha. Ya ce da ɗaya yake sha, bayan sallah ne ya koma biyu don ɗayar ta daina yi masa. Na ce gobe ka zo da wuri ka kai ni wurin mai mashin ɗin mu zauna da shi, in ya so a rage awannin ko a rage kuɗin, daga nan mu wuce asibiti. Ya sosa ƙeya ya ce to Yaya, sai dai bayan azahar don da safe akwai 'yan makaranta.