Silima Ɗaya, Silin Uku

Yarana yanzu Kawu suke ce wa mai POP ɗinmu, wato mai yi mana silin na farar filasta. Ba dangin iya ba na baba, amma mutumin da ya rufe silin ɗaki ɗaya har sau uku cikin wata biyu ya ci a ba shi matsayi a gida. Sau biyu na sa shi ya fasa aikin hannunsa, duk saboda awon da ban yi ba, alhali tef ɗin awo yana aljihuna.

Da muka tashi gyaran gida, akwai wani ɗaki a bayan falo da ya zama ma'ajiyar tarkace. Tsawonsa mita 5.5, faɗinsa mita 4, daga ƙasa zuwa silin mita 3. Uwargida ta so a mai da shi ɗakin baƙi. Ni kuwa na ce silima za a yi: allo mai inci 120, majigi a rataye a sama, sifiku biyar da wufa, wato akwatin sifika mai fitar da sauti mai kauri. Ta dube ni ta ce, "Abban yara, talabijin ɗin falo me ta yi maka?" Na ce ba za ta gane ba sai ta gani. Ta kuwa gani.

Tun kafin in sayi ko da rimot na sa aka binne fayif-fayif. Mai wayarin ya tambaye ni, "Alhaji, wane fayif za a sa wa wayar majigin?" Na ce irin wanda ake sa wa kowace waya mana. Ya sa mai milimita 20, da gwiwoyi uku masu lanƙwasar kwana, birkila ya shafe da filasta, aka rufe silin, aka yi fenti. Ranar da na kawo wayar HDMI, wadda ke kai hoto ga majigi, na kai kanta bakin fayif, sai ga shi kamar ana son cusa kwakwa a bakin kwalba. Kan wayar da robar da ke jikinsa ya kai milimita 20 ko ya ɗan ɗara, cikin fayif ɗin kuwa bai wuce 17 ba. Mai wayarin ya juya ta, ya juya ta, ya ce, "Ai da sauƙi, a yanke kan, a zura, in sake haɗawa." Na ce masa ƙafafu 19 ne a cikin wannan ɗan kan, kowace da siririyar wayarta. Ya ajiye filaya a hankali.

Abin da ake sa wa irin wannan waya shi ne fayif mai milimita 40, ko 32 in an matsu, kuma ba a sa masa gwiwa mai kwana. Lanƙwasa mai faɗi ake yi, yadda kan zai zame ya wuce, sannan a bar igiyar nailan a ciki don ranar da za a sake ja. Wannan ne fashin silin na farko, har da saran bango daga sama zuwa ƙasa.

Aka rufe, aka shafe, aka sake fenti. Na rataye majigi a inda na sa aka fito da soket da bakin fayif, mita 3 daga allo, don kawai a ido wurin ya yi mini daidai. Na kunna. Hoto ya fito tas, sai dai ya tsaya a tsakiyar allon kamar tabarmar yaro a filin idi, dama da hagu fari fat. Na murɗa zoben ƙara girma har ƙarshe, bai cika ba. Sai a lokacin na buɗe littafin da ke cikin kwali. Kowane majigi yana da lambar jifa, wato nisan da yake buƙata idan aka kwatanta da faɗin hoto. Nawa mafi ƙanƙantar lambarsa 1.5 ce. Allo mai inci 120 faɗinsa mita 2.66 ne, tsayinsa kusan mita 1.5. Ka ninka 2.66 sau 1.5, ka sami mita 4. A mita 3 da na rataye shi, faɗin mita 2 kawai zai iya bayarwa, wato hoton inci 90. Lissafin da ɗan aji shida zai yi a bayan kwalin ashana.

Na yi tunanin in mayar da allon in karɓo ƙarami, amma na riga na gaya wa duk majalisarmu inci 120. Na kira mai POP. Da ya ɗaga waya bai ko bari na gama gaisuwa ba ya ce, "Alhaji, in taho da guduma?"

A wannan karon ne ya nuna mini wani abin da ya fi ƙaramin hoto muni. Kusoshin maratayin majigin a jikin POP kaɗai na ɗaure su, ba su kama komai ba. POP ba ya riƙe nauyi, kuma kusan ƙarƙashin wurin kujerata za ta zauna. Ya sa kafinta ya gitta katako mai kauri tsakanin katakan rufi a mita 4.1, aka ɗaure maratayin da dogayen noti a jikinsa, aka ƙara tsawon fayif, aka matsar da soket. Fankar sama ma aka cire ta, domin fukafukanta suna yanka hasken, hoto yana ƙifta ido. Da zai rufe na uku sai ya bar ƙofa mai santimita 60 tsawo da faɗi kusa da majigin, da murfinta. Ya ce, "Wannan ƙofarka ce, Alhaji. Duk ranar da ka sake shawara, sai ka nemi tsani."

Ko mako ba a yi ba na nemi tsanin. Wayar HDMI ta jan ƙarfe mai mita 15 da na saya, da an sa fim mai 4K sai ɗige-ɗigen haske su cika hoto kamar taurari, can kuma ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo. Irin wannan waya in ta haura mita 7 zuwa 10 saƙon yana raunana a hanya. Maganin shi ne mai zaren gilashi a ciki. Na sayo, na ɗaura ta a igiyar nailan, ƙanina yana turawa daga ƙasa ina ja daga sama, gumi har cikin ido. Muka jona, babu hoto ko ɗigo. Ina shirin komawa shago da faɗa, ƙanina ya ɗaga kan wayar ya ce, "Yaya, me aka rubuta a nan?" Wannan wayar hanya ɗaya take bi. Kai ɗaya an rubuta na tushe ne, ɗayan na majigi, mu kuwa mun juya ta. Muka zare mita 15, muka sake zurawa.

Amfilifayar kuwa, wato na'urar da ke tura wa sifiku sauti da ƙarfi, wani abokina ne ya taho mini da ita daga Amurka, ta hannu amma kamar sabuwa. Filoginta mai falalen ƙafafu ne, bai shiga soket ɗinmu ba, sai na aiki yaro ya sayo ɗan adafta a bakin titi. Na jona, na danna. Ta ce "tas", wani siririn hayaƙi ya fito ta ramukan sama, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Adafta siffar ƙafa kawai yake sauyawa, ba ya rage wuta ko kaɗan, kuma an rubuta 120 ɗin ɓaro-ɓaro a bayanta, kusa da inda na riƙe da hannuna. Allah ya taƙaita, fis da ƙaramar taransifomar ciki ne suka tafi, wani mai gyara a Sabon Gari ya tashe ta. Yanzu tana kan taransifomar rage wuta mai wat 1000, kusan ninkin abin da aka rubuta tana ja. Na naɗe filoginta da jan salatif, na kuma yi wa duk gidan huɗuba a kansa.

Da sauti ya tashi sai wata sabuwa. Ƙasa tayil, bango filasta, sama POP, babu abu ɗaya mai laushi a ɗakin. In ka tafa hannu sai ka ji tafin yana ta kai da kawo. Harbi da fashewa suna fita, amma maganar 'yan fim kamar daga cikin rijiya. Wani a majalisa ya rantse mini kiret ɗin ƙwai ne magani. Na bi masu shayin unguwa na tara sama da ɗari, na manne bango guda. Amsa-kuwwar ba ta ko gezau ba, kyankyasai ne dai suka sami gidan bene. Kwalin ya yi sirara, ba abin da yake sha, ga shi abincin wuta.

Abin da ya yi aiki shi ne audugar dutse, wadda masu kayan gini ke kira rokwul, mai kaurin santimita 5. Kafinta ya yi firam shida masu santimita 120 da 60, muka cusa ta, muka rufe da yadi. Wajen zaɓen yadin a Kantin Kwari sai da na riƙa kara shi a baki ina hurawa, domin wanda iska ba ta ratsa shi sauti ma ba zai ratsa ba. Mai shagon ya zuba mini ido har na gama, bai ce komai ba. A sa safar hannu da takunkumi wajen taɓa audugar nan, ni ban sa ba, na kwana ina susa. Wurin kafawa kuma da madubi ake nemo shi: ka zauna a kujerarka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe, duk inda ka hango sifika a ciki, nan sauti ke dukan bango ya dawo kunnenka, nan za a kafa. Biyu-biyu a gefe, biyu a baya, kafet mai kauri a ƙasa, labule mai nauyi a taga. Farin fenti mai sheƙi da na biya sau uku shi ma ya tafi, don yana mayar da haske kan allo, baƙi ya koma toka-toka. Aka shafa ruwan toka mai duhu marar sheƙi.

Kujera tana mita 3.5 daga allo. Sifikun gaba suna mita 1.6 dama da hagu daga tsakiya, daidai tsayin kunnen wanda ke zaune, ta tsakiya a ƙarƙashin allo, na baya a gefen kujera an ɗan ja su baya, sama da kai kaɗan. Mai wayarin ya ja musu waya mai milimita 2.5, sai dai duk kala ɗaya, ba alama ko guda. Batirin rimot mai bolt 1.5 ne ya fitar da mu: ka taɓa bakin wayar a jikinsa, sifikar da ke ɗaya ƙarshen za ta ce "ɗuk". In fatarta ta turo waje, wayar da ke gefen batirin mai alamar + ita ce ta jan gurbin sifika. In aka juya guda ɗaya, sai ƙarfin gangar ya zube, murya ta rasa tsakiya.

Saura wufa. Na ajiye ta a lungu, a kujerata ba a jin komai, a jikin bangon baya kuwa har haƙora ke karkarwa. Sauti mai kauri yana taruwa a wasu wurare ya soke kansa a wasu, gwargwadon tsawon ɗaki da faɗinsa, kuma tsakiyar ɗaki ita ce ramin da ya fi mutuwa. Dabarar da masana suka yarda da ita ita ce ka ɗora wufar a kan kujerar da za ka zauna, ka sa kiɗa mai ganga, ka bi gindin bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji gangar ta fito cif, ba ta kumbura ba kuma ba ta ɓace ba, nan ne mazauninta.

Ina cikin wannan ne, ɗaki duhu, ganga na dukan ƙirji, baƙin akwati yana zaune a kan kujera kamar sarki, ni kuma ina rarrafe a gabansa daga ni sai singileti, kunne a jikin bango, sai ƙofa ta buɗe. Uwargida ce ta kawo mahaifiyarta ta ga gyaran gida. Na ɗago, muka haɗa ido da surukata. Tunda dai ina durƙushe, sai kawai na zarce da "Hajiya, barka da zuwa, an zo lafiya?" Ba ta amsa ba. Ta ja da baya tana salati. Washegari aka aiko mini da rubutu a galan, da saƙon in riƙa sha safe da yamma. Na sha, don bayanin ya fi rubutun wuyar haɗiya. Wurin dai na same shi, santimita 80 daga lungun hagu na gaba, na kuma saita amfilifaya ta tura wa wufa duk abin da ke ƙasa da hez 80, wato sauti mai kauri.

Ranar buɗewa aka yi gugguru, aka kunna AC mai doki ɗaya da rabi, minti 20 da farawa aka ɗauke wuta. Duhun bai dame ni ba kamar shirun fankar majigin. Ƙwansa yana zafi ƙwarai, shi ya sa ko an kashe shi fankar ke ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. In wuta ta yanke farat ɗaya, zafin ya kwanta a ciki, yana rage wa ƙwan kwana. Da safe na sayo UPS, wato akwatin batiri mai riƙe wuta in an ɗauke, mai VA 1000 na majigin shi kaɗai, wanda ba fim zai riƙe ba, 'yan mintunan da za a kashe shi ya huce ne kawai. Matatar ƙurarsa kuma, da hunturu duk mako biyu nake hawa in kakkaɓe, in ba haka ba ya yi zafi ya kashe kansa a tsakiyar ƙwallo.

Jiya na hau ta ƙofar Kawu zan ja wayar intanet zuwa majigin. Na laluba bakin fayif, babu igiyar nailan. Na sauko na duba ta ƙasa, nan ma babu. Na tara yara. Autana ya ce shi ya ga jelarta tana leƙe a bayan kabad, ya ja, ta yi ta zuwa, ta yi ta zuwa. Na ce tana ina? Ya kama hannuna ya kai ni bayan gida, inda uwargida ta shanya kayan makaranta a kanta.