Lambar da ta dace da tsohuwar Fijo

Duk wanda ya samo tsohuwar Fijo 504, ya kai ta wurin bakanike da mai fenti, ya bi 'yan gwangwan yana neman fitilunta na asali har ta dawo hayyacinta, ya cancanci yabo. Abin da yake damuna shi ne yadda wasu, bayan duk wannan ɗawainiya, suke yanko mata lamba ta musamman mai ɗauke da sarautarsu ko laƙabinsu, sai mutane su shagala da karanta sunan mai mota su manta da motar.

A ganina, lambar irin wannan mota ya kamata ta ba da labarin motar ne. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan daga 1975 masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma 504 ce ta fi yin suna a cikinsu. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma ta yi ta jigilar fasinja tsakanin Kano da Zariya da Kaduna, kaya ɗaure a bisanta. Wanda yake riƙe da mota mai irin wannan tarihi ba zai rasa abin rubutawa ba. Shekarar da aka ƙera ta ta isa, ko samfurinta, ko sunan Kakuri ɗin kansa, domin dattijon da ya yi aiki a can idan ya gani zai tsaya ya shafa ƙofarta ya ba ka labari.

A Ingila doka ta hana a sa wa mota lambar da za ta nuna ta fi ainihin shekarunta sabunta, kuma an yarda motocin da aka ƙera kafin 1980 su ɗauki tsohon farantin nan baƙi mai rubutun azurfa. Wannan tsari yana burge ni, saboda ya ɗauki lamba a matsayin wani ɓangare na gaskiyar motar. A Dubai kuwa an sayar da lambar P7 a kan dirhami miliyan 55 a 2023, kuma ko da yake kuɗin na agaji ne, wannan harka ce ta masu dukiya, ba ta masu kishin tsohuwar mota ba.

Akwai abu biyu da nake roƙon a kiyaye. Kada a rubuta sunan Allah ko wani yanki na aya a faranti, domin yana dab da ƙasa, taɓo da hayaƙin salansa suna bugunsa kullum. Sannan a halin tsaron da muke ciki, rubuta cikakken suna a bayan mota sanar da kowa ne inda mutum yake shiga da fita.

Haka kuma a bi hanyar da ta dace, ta ofishin rajistar motoci na jiha da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Farantin da mai zane ya buga a bakin titi, komai kyansa, ba rajista ba ne, kuma zai iya sa a tsare motar a hanya.