Abin da ke rufe tsofaffin shagunan gado a Kumasi

Wanda ya san unguwannin Aboabo da Asawase ya san irin shagunan nan: kaka ya fara da goro ko atamfa, ɗa ya gada, yau jika ne a kan bencin. Mai shagon ya san Hajiyar da za a ba turmi biyu bashi har bayan sallah, ya san wanda ba a ba ko yadi ɗaya. Idan aka rufe irinsu, sai a ce manyan kantuna ne suka kwashe masu saye. A ganina ɓarakar daga cikin gida take.

Aljihu ɗaya ne farkon matsalar. Kuɗin cefane, na makaranta, na suna da na adu'a duk daga akwatin ciniki suke fita, ba a rubutawa. A shekarar 2022, da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, wannan ɗabi'a ta cinye jari da yawa. Ka sari katan a sidi 100, ka sayar 120, ka koma ka tarar ya kai 135. Riba kake gani, alhali uwar kuɗi ce ke zaizayewa. Da farashin sarin gobe ake sa wa kaya kuɗi.

Ga kuma haya. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida gaba, amma masu gini na neman na shekara biyu, wasu har da kuɗin gudwil, wanda ake biya daban da haya kafin a ba ka shagon.

Ranar rabon gado ce ta fi ba ni tsoro. Takardar haya da sunan marigayi, lambar MoMo (asusun kuɗi na waya) a layinsa, waɗanda yake bi bashi kuwa a ƙwaƙwalwarsa ya riƙe su. Magada su raba kayan kanta, kowa ya ɗauki abin da bai isa buɗe teburi ba.

Alhaji, tun kana da ƙarfi ka yi wa shagon rajistar kamfani, domin rajistar mutum ɗaya ba ta wuce mai ita. Magada su gaji hannun jari gwargwadon rabon shari'a, a riƙa raba riba ƙarshen shekara, kaya su zauna a kanta. Wanda ke zaman shago a yanka masa albashi, ko da ɗan fari ne. Ka kuma kai shi wurin masu ba ka sari, su san fuskarsa, ka buɗe masa littafin bashi shafi-shafi.