Taekkyeon: wasan faɗan Koriya da takardar gwamnati ta ceto

In aka ce wasan faɗan Koriya, kowa sai ya ce Taekwondo, tunda tun gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ake haska shi a talabijin. Amma akwai wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, wato Taekkyeon.

Wanda bai san shi ba zai rantse rawa ake yi. 'Yan wasa biyu suna tafiya da baya da gaba a kan kusurwa uku, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa suna lilo kamar ba su da niyyar komai. Kafin ka ankara an yi wa mutum shuri a fuska ko an kwashe masa ƙafa ya zube ƙasa, wasa ya ƙare. Ba a son a ji wa abokin karawa ciwo, shi ya sa tsofaffi da mata ke yin sa don motsa jiki.

Zamanin mulkin mallakar Japan, daga 1910 zuwa 1945, wasan ya kusa mutuwa murus. Wani dattijo mai suna Song Deok-gi ne ya riƙe shi a ƙafafunsa shekara da shekaru. A 1983 gwamnatin Koriya ta Kudu ta sa Taekkyeon cikin muhimman kayan gadon ƙasa, ta amince da Song da almajirinsa Shin Han-seung a matsayin masu riƙe da shi. Su biyun duka suka rasu a 1987. Ku duba tazarar nan, shekara huɗu kacal! Da an yi jinkiri kaɗan, sai dai a ji labari.

Mutane sun fi yayata shigarsa jerin al'adun gado na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2011, a taron Bali a Indonesiya, kuma lallai abin alfahari ne. Ni dai a ganina aikin 1983 ya fi nauyi. A lokacin, dokar kare al'adu ta 1962 tana ba gwanin da aka amince da shi alawus duk wata, ta kuma wajabta masa ya horar da almajirai. Irin kuɗin nan kan sa dattijo ya zauna ya koyar maimakon ya tafi neman na abinci. Daga nan birnin Chungju, inda Shin ya zauna, ya zama cibiyar wasan, da makarantar koyar da wasan da masu zuwa koyo daga ƙasashen waje.

Ba wai komai ya daidaita ba. Ƙungiyoyin Taekkyeon sun rarrabu, kowacce na cewa salonta ne na asali, kuma har yau matasan Koriya sun fi tururuwa zuwa ajin Taekwondo, inda ake samun lambar zinariya.