Tawadar Malam da Ragon Turaku

Ɗan yayata ne ya jefa ni cikin wannan lamari. Yana karatu a Jami'ar Abdou Moumouni, can Harobanda, kuma duk abin da ya shigo wayarsa sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ya same ni a shago a Bukoki ina fitar da zanen aiki a wuyan wata babbar riga, ya ce, "Kawu, ashe kai ma mai zane ne! Bari in sa ka a rukuninmu." Kafin in cire allura daga bakina har waya ta fara kuka.

Abin da suke yi sunansa Inktober. Wani Ba'amurke mai zane, Jake Parker, shi ya fara shi a 2009 don hannunsa ya saba da tawada: kowace rana ta watan Oktoba, daga 1 ga wata har 31, zane guda da tawada, a kuma nuna wa jama'a. Namu rukunin a WhatsApp yake. Akwai 'yan Yamai, da na Maraɗi, da na Damagaram, da mutanenmu na Tawa. Shugabar, wata malamar lakkwal, ita ke sanar da abin da za a zana bayan sallar asuba. Doka biyu ce tak: sai da tawada, kuma ba a kushe aikin kowa.

Na leƙa wani kantin littattafai kusa da Babbar Kasuwa, aka faɗa mini kuɗin 'yar kwalbar tawadar masu zane, na ce a gaida mai kanti. Na wuce wajen malamin makarantar allo ta layinmu. Ya cika mini kurtu da tawadarsa ta gawayi da ƙaro, ya feƙe mini alƙalamin gamba da hannunsa, ya ce Allah ya ba da ilimi mai amfani. Bai tambaye ni abin da zan rubuta ba, ni kuma ban ga dalilin ɗaga wa dattijo hankali ba.

Da aka ce a zana raƙumin dawa, na ce wannan ai namu ne. Ga su nan a Kure, kilomita 60 daga Yamai, irin da babu sauransa a duniya sai a ƙasarmu. Na ja masa wuya har ƙarshen takarda, na yi masa tabo-tabo, na aika. Nan take tafi da zukata suka cika waya. "Kawu, hannunka da albarka!" "Allah ya ƙara basira!" Sai wani yaro daga Maraɗi ya rubuta cewa bai taɓa ganin an zana hasumiyar masallacin Agadas da irin wannan ƙarfin hali ba, musamman itatuwan nan da suka fito ta gefe.

Ƙafafu ne. Na rubuta masa na gode.

Daga ranar aka daina ambaton sunan abin da na zana. Sai dai "Ma sha Allah" da "Kai, Kawu, sai kai!" Can daga baya na ji cewa kafin kowa ya yaba, sai ya bi ɗan yayata ta gefe ya tambaye shi me Kawu ya zana yau. Shi ma ba kullum yake sani ba, amma har katin waya ya fara karɓa.

Wanda bai zauna Yamai ba bai san zafin Oktoba ba. Damina ta tattara, hunturu bai iso ba, gari ya yi tsit ko ganye ba ya motsi. Ranar da aka ce Gadar Kennedy, an ɗauke wuta tun la'asar. Gadar nan tun 1970 take tsaye bisa kogi ba ta gaza ba, amma a takardata ko rabin awa ba ta yi ba. Ita tawadar allo, don a wanke aka yi ta. Yaro ya haddace, a sa ruwa, ta tafi. To ga gumi yana ɗiga daga hancina da haɓata. Kowane ɗigo ya faɗi sai ya kwashi ginshiƙi guda ya yi ƙasa da shi. Ƙudaje kuma suka ji ƙaro, suka sauka, suka yi ta zirga-zirga cikin ɗanyar tawada, suka bi sararin sama da sawunsu. Magariba ta gabato, na ɗauki hoto haka nan na aika.

A rukunin akwai mai zane na gaske, wanda Turawa ke sayen aikinsa a gidan tarihi na Boubou Hama. Shi ne ya kira ni da kansa. "Kawu, don Allah yaya ka fitar da ruwan kogin nan? Da tsuntsayen can na nesa?" Na ce ya kashe fanka, ya rufe taga, ya jira. Ya ce zai gwada.

Sai ga ranar da shugabar ta ce a zana abu mai rai, a gabansa, ban da kwafa daga hoto. Na tsayar da kabu-kabu, sai Turaku, kasuwar dabbobi ta Lazare. Na zaɓi wani farin rago da ya fi kowa cika ido, na tsuguna a gabansa, na ajiye kurtu. Dillali ya taso da murmushi har kunne.

"Alhaji, idonka ya san kaya! Wanga balami ne, dubi gaba, dubi baya. Taya."

"Ba saye na zo ba."

"To mi ka zo yi?"

Na buɗe kaye, na tsoma alƙalami, na dubi rago, na dubi takarda. Murmushin ya ɗauke. Ya koma gefe ya yi raɗa da wani, shi ma ya yi raɗa da wani. Ban ankara ba sai na ga ana jan raguna ɗaya bayan ɗaya ana kai su bayan rumfa. Wani yaro ya kawo mini shayi mai kumfa wanda ban aika a kawo ba. Wani dattijo ya durƙusa kusa da ni, ya rage murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, huɗu ɗin can su ne nawa. Sauran duk na ƙanena ne, shi kuma ya yi tahiya."

Ashe an yanke cewa ni ma'aikacin haraji ne, ƙidaya na zo yi.

Na rantse musu ni tela ne, na juya musu kayen su gani. Da ma ban juya ba. Kasuwa ta taru a kaina. Wani ya ce jaki ne. Wani ya ce ina aka taɓa ganin jaki da ƙafa biyar. Na ce ta biyar ɗin wutsiya ce. Shi kuwa dillali ransa ya ɓaci fiye da lokacin da yake zaton haraji ne. Ya ce na ci mutuncin ragonsa a bainar jama'a, in mai saye ya ga takardar nan ko rabin kuɗi ba zai taya ba. Sannan ya miƙo hannu, wai ko kallo ne a Turaku la'ada gare shi. Mai shayi ma ya dawo neman kuɗinsa, tunda an gano ba hukuma ba ce.

Ina cikin ciniki a kan ragon da ban saya ba, na ji ana jan kayen daga hannuna. Wata jar akuya ce, irin ta Maraɗi, ta lanƙwame kai da ƙirji da ƙafafun gaba, tana tauna tana kallona ido cikin ido. Abin da na ƙwato cinya ɗaya ce da wutsiya.

Shi na aika. Ban taɓa samun yabo irin na ranar ba. Wata 'yar Damagaram ta yi dogon rubutu a kan hikimar barin mai kallo ya ƙarasa ragon a zuciyarsa. Shugabar ta ɗora shi ya zama hoton rukuni.

Saboda zafin ɗaki, na koma yin zanena a ƙofar gida bayan isha'i, bisa tabarma, ga fitila, ga kurtu, ga alƙalami. Unguwa kuwa tana da ido. Wani dare Hajiya maƙwabciyarmu ta dogaro sandarta ta zauna gefena.

"Malam tela, ashe abin da ake faɗi gaskiya ne. Gwiwar nan ce ta hana ni barci."

"Hajiya, ni ba malami ba ne. Zane nake yi."

Ta ɗauki takardar da ke gabana, ta juya ta kai a ƙasa, ta gyaɗa kai. "Ga hatimi ƙarara, gida-gida."

"Rumfunan kasuwar Katako ne, Hajiya."

"Haka na ƙwarai ke cewa. Ba su son a sani."

Ta tafi, na tarar da goro a ƙarƙashin tabarma. Na aika yaro ya mayar, da saƙon ta je asibiti a duba gwiwar. Wannan mayarwa ita ta ƙara tabbatar mata, don ta ce malamin da ba ya karɓar sadaka sai an tona. Washegari na dawo daga shago na ji gida yana ƙamshi. Zakara ta aiko. Na ce a mayar, uwargida ta ce sai dai a mayar da romo, kuma tun da na fara wannan shirme yau ne kaɗai ya kawo abin sawa a tukunya.

Ba a jima ba malam ya yi sallama a shago. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce mata biyu sun tare shi a hanya suna tambayar gidan sabon malamin da ya warkar da gwiwar Hajiya. Ya miƙo hannu a hankali. "Ɗinki naka, tawada tamu. Kawo kurtun."

Sauran watan da bik na ƙarasa shi, tunda shugabar ta ce shi ma tawada ne. Bik ba ya narkewa, ƙuda ba ya kula shi, akuya ma ban ga ta nuna sha'awa ba. A daren 31 ga wata aka ce kowa ya zana abin da ya fi tsaya masa a rai. Na zauna na yi aiki a tsanake, gashi ɗaya bayan ɗaya, na aika. Yaron nan na Maraɗi ne ya fara amsawa, ko ɗan yayata bai tuntuɓa ba.

"Kawu, wallahi hannunka ya faɗa! Yau kallo ɗaya na yi na gane jimina ce."

Zakaran Hajiya ne.